Baƙon da Ya Fi Katangarmu Tsawo

A shekarar da fari ya maimaita mana, damina biyu a jere gero yana tsayawa iya gwiwa ya bushe, a shekarar ce aka kawo mana baƙo daga Amurka. Lokacin ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu, can gaba da Dawakin Tofa, ina zaune da matata a sashenmu cikin gidan mahaifina. Baba malami ne, magidanta yake karantarwa a zaure, manoma da 'yan kasuwa da ke zuwa da littattafansu bayan la'asar. Cikin tsofaffin ɗalibansa akwai wani Alhaji, Babarbare haifaffen Kano, mai fatauci tsakanin Kano da Masar. Shi ya zo mana da baƙon wata rana da hantsi, a bayan a-kori-kura, don gaban motar ya ƙi ɗaukarsa.

Na fito in yi musu maraba, sai na ga mutum a tsaye a bayan motar, na ɗauka kan buhu ya taka. Da ya sauko ƙasa sai na ga ba buhu ba komai. Baƙi ne kamarmu, fuskarsa ma sai ka rantse ɗan wani ƙauye ne nan kusa, amma ni da ake ce wa dogo a gidanmu, kaina bai wuce ƙirjinsa ba. Ya miƙo mini hannu, nawa ya ɓace a cikin nasa. Da zai shiga zaure sai da ya yi kamar mai ruku'u, ko da ya shiga kuma bai iya miƙewa sosai ba saboda azara. Ya cire takalmansa a bakin ƙofa, yara suka yi musu zobe, wani ya zura ƙafafunsa biyu cikin guda ɗaya ya tsaya yana dariya.

Baba ya ɗaga kai ya dube shi, ya ƙara ɗagawa, sannan ya ce, "Ikon Allah. Sannu da zuwa, bisimilla zauna."

Alhaji ya yi bayani. Ya ce a wani masallaci suka haɗu a Alƙahira, mutumin bai daɗe da musulunta ba, yana neman inda zai zauna ya koyi karatun Alƙur'ani a tsanake, inda ba wanda ya san shi. Baba ya tambayi sana'arsa.

"Ƙwallo yake yi, Malam. Ƙwallon kwando."

"Na ji. Sana'arsa fa?"

"Ai ita ce sana'ar, Allah gafarta Malam. Da ita yake ci, da ita yake sha, ita ta kai shi ƙasashen duniya."

Baba ya shafa gemu. Can ya ce to, kowa da inda Allah ya ajiye masa abincinsa. Ya juyo gare ni ya ce tunda ni ne mai Turanci a gidan, baƙo nawa ne.

Turancina na makaranta ne, nasa kuwa rabi haɗiye shi yake yi, sai da muka sha wahalar juna kafin kunnena ya saba. Muka ba shi shagon ƙofar gida, muka jera masa tabarma biyu kai da kai don ɗaya ba ta isa. Allon karatu ma sai da kafinta ya sassaƙa masa nasa, don na gidan in ya riƙe kamar faifai yake zama a hannunsa. Washegari wata matsalar ta fito. Katangar gidanmu iya kafaɗarsa ta tsaya, in ya bi ta gefe, tsakar gida a buɗe take a gabansa, mata na daka, mata na wanki. Na yi ta juya yadda zan faɗa masa ba tare da na kunyata shi ba. Da na faɗa sai ya dafe kai ya yi ta ba da haƙuri. Daga ranar, duk gidan da zai wuce a ƙauyen sai ya sunkuyar da kai ya karkata fuska wajen gonaki. Mata suka riƙa cewa ba su taɓa ganin mai kunya irinsa ba.

Shi da kansa ya ɗora wa kansa jan ruwa. Rijiyar unguwarmu ta yi ƙasa sosai a shekarar, an ƙara wa igiya wata igiyar, mutum biyu ke haɗuwa kafin guga ya iso baki. Shi kuwa shi kaɗai yake tsayawa, hannu ɗaya ya tafi sama, ɗayan ya biyo, kafin ka gyara tulunka guga ya fito. In ya gama cika wa mutane, sai mu zauna a gindin darbejiya ya miƙe ƙafarsa ta hagu yana murza gwiwar. Akwai tabon ɗinki a kanta, dogo kamar an tsaga rake. A nan na ji labarinsa, kaɗan yau, kaɗan gobe.

A wani ƙaramin gari aka haife shi a kudancin ƙasarsu, kakarsa ce ta rene shi. Ya ce tun yana ɗan yaro yake jefa ƙwallo cikin wani zoben ƙarfe da aka kafa a jikin itace a bayan gidansu, har ƙasar wurin ta zama kamar daɓe. Ƙwallon ce ta kai shi jami'a ba tare da kakarsa ta biya komai ba. Daga nan wata babbar ƙungiya ta ɗauke shi gwaji, irin ƙungiyoyin da duk yaro a ƙasarsu yake mafarkinsu. Ya sa rigarsu, ya shiga fili 'yan lokuta, sannan wata safiya koci ya kira shi gefe ya ce ya gode, amma akwai waɗanda suka fi shi.

"Suka fi ka tsawo?" na tambaya.

Ya yi dariya. "Wasu sun fi ni tsawo. Wasu sun fi ni sauri. Wasu duka biyun."

Bai koma gida ba, ya ce ba zai iya kallon mutanen garinsu ba. Sai ya haye jirgi zuwa Italiya, inda wata ƙungiya ke neman Ba'amurke. Ya bayyana mini yadda abin yake: kowace ƙungiya a can baƙo ɗaya ko biyu aka yarje mata, saboda haka baƙon da aka kawo shi ne zai ɗauki nauyin kowa. In aka ci, a ɗaga shi sama a zaga gari da shi, mai gidan abinci ya hana shi biya. In aka sha kashi sau biyu ko uku a jere, sai ya ji an fara maganar wani Ba'amurken da ke kan hanya. Ya yi Italiya, ya yi wata ƙasar mai ƙanƙara inda ya ce rana ba ta cika fitowa, ya yi wasu tsibirai can gabas inda mutane gajeru ne amma son wasan kamar zai kashe su, har kan rufin filin suke hawa su leƙo. Ko'ina sabon yare, sabon abinci, sabon ɗaki da gadon da ƙafafunsa ke reto a ƙarshensa. Kakarsa ta rasu yana wata ƙasar, ranar yana da wasa, kuma ya buga.

A Turkiyya gwiwar ta tsage. Ya yi tsalle, ya sauko a kan ƙafar wani, ya ce shi da kansa ya ji ƙarar. Aka yi masa tiyata, ya kwanta wata da watanni. Abokan wasa suka zo da farko, daga baya ƙafa ta ɗauke, sai mahaifin ɗaya daga cikinsu, wani tsoho mai gasa burodi, shi ya ci gaba da zuwa. Ba sa jin yaren juna. Tsohon yakan zo da miya a kwano, ya zauna har ya ga ya shanye, in lokacin salla ya yi ya shimfiɗa rigarsa a gefen gado ya yi, ya tafi. Ya ce daga kallon wannan tsohon abin ya fara shiga zuciyarsa. Da ya warke ya samu wata ƙungiya a Masar, ya buga musu da gwiwa ɗaya da rabi, a can ya karɓi kalmar shahada.

Ina jin wannan duka, amma wasan kansa ban taɓa gani ba. Na roƙe shi ya kwatanta mini, sai ya ce ya bar wannan a baya, ya ɗauki allonsa.

Abin da ya fi damunmu a gidan, wanda ba mai faɗa a fili, shi ne abinci. Rumbu ya kusa ƙasa, dawa ta yi tsadar da ba mu taɓa gani ba, shi kuma jikin nan nasa ba ya jin ɗan malmala. Inna, mahaifiyata, ita ke raba tuwo. Kullum kwanonsa ake fara cikawa, a tara masa kamar na mutum uku, ya cinye tas ya yi godiya, bai san komai ba. Ni na san matan gidan sun koma cin tafasa da ɗan garin ƙuli da rana, amma na yi shiru, don Inna ta ce in na buɗe baki ba ta yafe ba.

Wata rana da azahar yana wucewa ta gefen katanga, kansa a ƙasa kamar kullum, sai ɗiyata ta ƙwalla ƙara, kunama ce ta gani a gindin murhu. Ya ɗago kai ba shiri. Kunamar ba ta harbi kowa ba, amma ya ga abin da ke cikin kwanon da matan suka kewaye. Da yamma na kai masa tuwo, ya buɗe, ya rufe, ya ture shi gabana.

"Me matan gidan nan suka ci yau?"

Na ce sun ci abinci.

"Ganye na gani. Tun yaushe?"

Ya tashi ya nufi zaure, na bi shi don ni ne bakinsa. Ya durƙusa gaban Baba ya ce ya ci abincin mata da yara bai sani ba, a bar shi gobe ya je birni ya sayo hatsi ya cika rumbun. Na fassara.

Baba ya ce, "Gaya masa ba a sayar da tuwo a gidan nan. Wanda ya zo karatu wurina, cinsa a kaina yake, haka na tarar mahaifina yana yi."

Baƙon ya ce to shi kuwa ba zai ƙara cin loma ba sai an raba daidai. Su biyun kowa ya kafe, ni ina tsakiya ina zufa. Can Baba ya yi murmushi ya ce wannan ɗalibin taurin kansa ya kai tsawonsa. Ya ce an ji, za a raba daidai. Sannan ya ƙara da cewa, "In alheri yake son yi, ba gidana ne ya fi buƙata ba. Rabin garin nan sun cinye irin shukarsu. Ko ruwa ya sauka gobe, ba abin da za su sa a ƙasa."

Ranar kasuwa muka je ni da shi, muka dawo da irin gero da na dawa da wake a bayan mota. Mai unguwa ya raba gida gida, ba a ce ga wanda ya saya ba, ko da yake ba wanda bai sani ba. Daga ranar kuma kwano ɗaya muke ci ni da shi, in ya kai rabi sai ya janye hannu. Na ga yadda ya rame, wuyansa ya ƙara tsawo, amma jan ruwa bai fasa ba.

Labarinsa ya kai makarantar kimiyya ta gwamnati da ke kusa da mu. Malamin wasanninsu ya zo a kan keke ya roƙi baƙon ya je ya nuna wa ɗalibai ko da sau ɗaya ne. Ya ƙi. Malamin ya sake dawowa, ya sake ƙi. A zuwa na uku Baba yana zaure, ya tambayi abin da ake ciki, na gaya masa.

Ya ce, "Tambaye shi, haramun ne abin?"

Baƙon ya ce a'a.

"To, me ya sa yake ɓoye shi kamar abin kunya? Wanda ya ba shi tsawon shi ya ba shi iyawar. Ya je yara su gani. Shekarar nan ba su ga abin farin ciki da yawa ba."

Muka tafi ranar wata Alhamis bayan la'asar, kusan rabin ƙauyen suka biyo mu, masu keke da masu ƙafa. Filin na siminti ne, duk ya tsattsage, ciyawa ta bushe a cikin tsagar. Sanduna biyu, kowace da allon katako da zoben ƙarfe a can sama, ba raga, ɗayan ma ya karkace. Ɗalibai suka cika gefe. Aka miƙo masa ƙwallo da ta sha jiki har ta yi sulɓi. Ya riƙe ta da hannu ɗaya kamar mai riƙe lemo, ya daɗe yana kallonta, ya shinshina ta. Sannan ya naɗe ƙafar wandonsa ya buga ta a ƙasa.

Ni dai ban san yadda zan faɗi abin da na gani ba. Mutumin nan da na saba gani yana tafiya a sunkuye, yana jan ƙafa, yana tuntuɓe da haruffa a gaban Baba, sai ya zama wani daban. Ƙwallon tana barin hannunsa tana dawowa kamar da zare ya ɗaure ta, ta bi ta tsakanin ƙafafunsa, ta zaga ta bayansa, shi kuwa ko kallonta ba ya yi. Ya ce ɗalibai biyar su zo su ƙwace. Suka rufar masa, samari ne masu ƙarfi, ya yi kamar zai bi dama, duk suka tafi dama, sai ga shi a hagu shi kaɗai. Ya tsaya daga nesa, nesa sosai, ya ɗaga hannu ya saki ƙwallon a hankali kamar mai sakin tantabara. Ta yi sama, ta lanƙwaso, ta faɗa tsakiyar zoben ba ta taɓa ƙarfen ba. Ya koma wani gefen ya sake. Ya ƙara matsawa baya ya sake. Wani tsoho kusa da ni, manomi da bai taɓa ganin ƙwallo irin wannan ba, sai salati yake yi.

Ɗaliban suka fara kiran wani abu da ban gane ba, suna nuna zoben. Ya girgiza kai yana dariya, suka ƙara ƙarfi. Sai na ga ya ja da baya har tsakiyar fili. Ya taho da gudu, taku kaɗan, ya tashi. Wallahi ya tashi. Na ga tafin ƙafarsa a sama da ƙasa, na ga sararin da ke tsakani, na ga kansa ya kusa daidai da zoben, kuma ya daɗe a can fiye da yadda ya kamata ɗan Adam ya daɗe. Ya dankara ƙwallon cikin zoben daga sama da hannu biyu, sandar ta yi ta rawa. Ihu ya ɓarke, har jakunan da ke ɗaure a bakin shinge suka firgita.

A tsaye nake ina tunanin abu ɗaya. Wannan fa shi ne wanda aka ce bai isa ba, da gwiwa mai ɗinki, da cikin da bai ƙoshi ba tun watanni. To waɗanda aka ce sun isa, wane irin mutane ne?

Bai tafi nan take ba. Ya tara ɗaliban ya nuna musu yadda ake tsayawa, yadda ake ajiye gwiwar hannu, ya kama yatsun wani ƙaramin cikinsu ya gyara masa riƙo har yaron ya jefa ta shiga. Sai da muka kama hanyar gida na ga gwiwar ta kumbura kamar ƙwarya. Ya dafa kafaɗata, nauyinsa ya kusa durƙusar da ni, muka taho a hankali ta cikin gonakin da ba komai sai busassun kara. Na ce masa da ya sani bai yi tsallen ba.

Ya ce, "A'a, bar shi. Na daɗe ban buga ba tare da ina tsoron a kore ni ba."

Kwanaki ya yi yana salla a zaune. Inna ta aiko da man shanu da wani ganye da ta daka, ta ce a shafa masa, a kuma gaya masa babba da shi ba ya tsalle tsalle kamar ɗan akuya.

Ruwa ya sauka a makare, amma ya sauka. Baƙon ya fita shuka tare da mu, ni ina sara da sungumi, shi yana binmu yana zuba iri yana rufewa da diddige. Ƙafar tasa in ta taka rami ɗaya sai ta haɗa da na kusa, mutane suka yi ta yi masa tsiya, yana ramawa da 'yar Hausar da ya tsinta. A karatu ya kai izu biyu, yana karantawa da wata murya mai kauri da ke sa masu wucewa su rage tafiya a ƙofar zaure.

Gero ya fara fitar da kai sai Alhajin nan ya dawo da saƙo. Wata ƙungiya a Masar tana son ya zo ya horar da matasanta, ba buga wasa ba. Ya nemi shawarar Baba, Baba ya ce ya tafi, karatu ba ya ƙarewa a zaure ɗaya, ya nemi malami a can ya ɗora. Da safen da zai tafi Inna ta yafa mayafi ta fito zaure, abin da ba ta saba yi ba. Duk zaman da ya yi ba ta taɓa tsayawa kusa da shi ba. Ya durƙusa ya gaishe ta da Hausa, ya ce, "Inna, na gode, a yafe mini." Ta ce ba abin da ya yi mata, ta sa masa albarka, ta miƙa masa ƙullin kuka da daddawa, ta ce in ya je can ya samu mace ya aura ta riƙa yi masa miya, wannan yawon ya isa haka. Na fassara, ya yi dariya har da hawaye.

Amfanin gona a shekarar bai yi yawa ba, amma ya kai mu wata daminar. Bayan wasu shekaru Alhaji ya gaya mana ya ga baƙon namu a Alƙahira, ya yi aure, yana da 'ya mace, yana tafiya da sanda, kuma matasan da yake horarwa suna ta cin wasa. Ya ce baƙon ya tambayi kowa da kowa, har mai unguwa da kafinta. Lokacin Baba ya riga ya rasu, Alhaji ya ce da ya gaya masa, sai baƙon ya nemi wuri a bakin titi ya zauna, ya ɗaga hannu ya yi wa Baba addu'a.